Baƙon Wasa a Hannun 'Yan Gari: Shekarun Farko na Kulob-kulob ɗin Ƙwallon Ostareliya a Denmak, 1989 zuwa 2005

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda ƙwallon ƙafa irin na Ostareliya ya sami gindin zama a ƙasar Denmak, tun daga sanarwar da mutum guda ya bayar a jarida a 1989 har zuwa lokacin da 'yan wasan ƙasar suka zo na huɗu a gasar ƙasa da ƙasa ta farko a 2002, da abin da ya biyo baya. Ta dubi kulob-kulob uku na farko a birnin Kofenhagen, da na Aalborg da na Helsingborg, sannan ta daɗe a kan na garin Farum. Hujjar da maƙalar ke kafawa ita ce: ƙarancin 'yan Ostareliya a Denmak, wanda a ido nakasu ne, shi ya tilasta wa waɗannan kulob-kulob koyar da 'yan ƙasa tun daga tushe da shiga tsarin ƙungiyoyin sa-kai na ƙasar, kuma ta wannan hanya suka rayu.

1.0 Gabatarwa



Yawancin wasannin da duniya ta sani sun yi tafiya ne a bayan masu ƙarfi. Ƙwallon ƙafa da kurket sun bi jiragen ruwan Ingila da barikokin soja da makarantu. Mu ma a nan Arewa mun ga yadda ƙwallon dawaki ya shigo ta hannun Turawan mulki, ya sami masauki a fadar Katsina zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Irin wannan yaɗuwa ba ta da wuyar bayani, tunda akwai hukuma, ga fili, ga kuɗi. Wanda ya fi wuyar bayani, kuma ya fi jan hankalina, shi ne wasan da ya ƙetare teku babu wata hukuma a bayansa, ya sauka a ƙasar da tarihi bai taɓa haɗa ta da mahaifarsa ba, kuma bai mutu ba.

Ƙwallon Ostareliya a Denmak misali ne mai kyau na wannan. Denmak ba ta cikin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, harshenta daban, kuma tsakanin Kofenhagen da Melbon akwai tazarar kusan kilomita 16,000. A 1990 mutanen ƙasar ba su wuce miliyan biyar da 'yan kai ba, kuma sun riga sun ba ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu zuciyarsu. Duk da haka, cikin shekara goma sha uku aka tashi daga mutum uku a dandali zuwa tawagar ƙasa da ta tsere wa Birtaniya da Amurka. Tambayar maƙalar ita ce yadda kulob na 'yan sa-kai, waɗanda ba a biyansu ko sisi, yake tsallake shekarunsa na farko a baƙuwar ƙasa.

2.0 Wasan da Nauyin da Yake Ɗora wa Mai Son Kafa Shi

Dole in ɗan tsaya a kan wasan kansa, domin kusan duk wahalar da za a ambata daga baya daga siffarsa ta taso.

An haifi wasan a Melbon. A watan Yulin 1858 wani ɗan wasan kurket mai suna Tom Wills ya rubuta wasiƙa a jarida yana kira da a kafa kulob na ƙwallo domin 'yan kurket su riƙa motsa jiki a lokacin sanyi, kuma a watan Mayun 1859 aka rubuta dokokin farko na kulob ɗin Melbon. Wannan asali ya bar gado mai nauyi: ana yin wasan ne a filin kurket, mai siffar ƙwai, wanda tsawonsa kan kai mita 135 zuwa 185, faɗinsa kuma mita 110 zuwa 155. Filin ƙwallon ƙafa da muka sani mita 105 ne da 68, wato filin wannan wasa ya ninka shi sau biyu har da ɗori. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 18 a cikin fili, ban da 'yan canji. A kowane ƙarshen fili akwai dogayen sanduna huɗu, babu raga, babu mai tsaron gida irin namu. Wanda ya shuri ƙwallo ta wuce tsakanin sanduna biyu na tsakiya ya ci maki shida. Idan ta bi ta gefe, maki ɗaya.

Ƙwallon ita ma siffar ƙwai gare ta, ta fata, ta fi ta zari-ruga siranta. Ba a jefa ta da hannu. Ko dai a shure ta, ko a ɗora ta a tafin hannu ɗaya a naushe ta da ɗayan zuwa ga abokin wasa. Mai gudu da ita sai ya riƙa dungura ta a ƙasa duk bayan mita 15. Wanda ya cafe ta a sama daga shurin wani, ba tare da ta taɓa ƙasa ba, alƙalin wasa zai busa masa usur, ya sami damar shuri babu mai taɓa shi. Wannan cafka ita ce ƙawar wasan, har an yarda mutum ya taka kafaɗar abokin karawarsa ya yi sama domin ita.

Ku duba abin da wannan ke nufi ga mai son kafa kulob a wata ƙasa. Yara biyar da ƙwallo da duwatsu huɗu sun isa a fara ƙwallon ƙafa a kowane lungu. Cikakken wasan Ostareliya kuwa yana neman mutum 36, da fili mai girman da birane kaɗan suka tanada a wajen ƙasashen kurket, da sanduna takwas, da ƙwallon da ba a sayar da ita a kantin garin, da alƙalin da ya san dokoki.

3.0 Daga Fælledparken zuwa Gasar 1991

A 1989 wani mutumin Ostareliya mazaunin Denmak, Mick Sitch, ya ba da sanarwa a wata jarida yana gayyatar duk mai sha'awa su haɗu a Fælledparken su ɗan shuri ƙwallo. Mutum uku ne suka hallara. Fælledparken babban dandalin shaƙatawa ne na jama'a a unguwar Østerbro, daf da babban filin wasan ƙasar, kuma a dandalin ne ma'aikata ke taron ranar ɗaya ga Mayu. Zaɓen wurin yana da ma'ana. Fili ne na kowa, ba a biyan kuɗin shiga, ga ciyawa shimfiɗe, kuma masu wucewa a ƙafa da a keke suna ganin abin da ake yi. Kulob da ba shi da kuɗin talla, idon masu wucewa shi ne tallarsa.

A 1990 aka shiga atisaye a kai a kai, mutane suka yi ta ƙaruwa har suka ga sun isa a kasa su gida uku. A 1991 aka buɗe gasar Denmak da kulob uku: Amager Tigers, da Copenhagen Crocodiles, da North Copenhagen Barracudas. Abin lura a nan shi ne ba kulob uku ne suka taru suka kafa gasa ba; taro ɗaya ne ya raba kansa domin ya sami abokin karawa. Mutanen da jiya suke koyon shuri tare su ne yau suka sa riguna daban-daban suna bangazar juna.

Ina ganin shekarar 1990, wadda ba a buga wata gasa a cikinta ba, ita ce mafi muhimmanci a duk wannan tarihi, kuma ita ce aka fi tsallakewa idan ana ba da labarin. A cikinta aka yi aikin da babu mai tafa wa: koyar da baligi abin da yaron Melbon ke koya tun yana ɗan shekara biyar. Duk wanda ya taɓa kallon sabon shiga yana koyon wannan wasa ya san yadda abin yake. Zai dungura ƙwallo a ƙasa yana jiran ta dawo hannunsa, ita kuwa ta sauka a kan hancinta ta yi tsalle gefe, ya bi ta a guje. Sai mai koyarwa ya kama hannunsa ya nuna masa yadda ake karkata ta ta bugi ƙasa da ƙirjinta na gaba, ta dawo masa. Wajen shuri kuma, ƙafar da ta saba da ƙwallon ƙafa takan so ta lanƙwasa ta doki gefe, alhali a nan ana sakin ƙwallon ne daga hannu a tsaye, ɗinkinta na kallon gaba, a doke ta da bayan ƙafa ta tafi tana juyawa da baya. Wannan kaɗai kan ci watanni. Sai dai 'yan Denmak sun zo da nasu jarin. Ƙasar gidan ƙwallon hannu ce, saurayin da ya tashi a cikinta kuwa ya saba da tsalle ya cafe ƙwallo a cikin turmutsutsu ana ture shi.

Gasa mai kulob uku tana da nata ciwon. Kowane zagaye sai ɗaya ya zauna babu wasa, kuma kowa abokan karawarsa biyu ne rak, yau wannan gobe wancan. Idan mutum biyu suka ji rauni, uku suka tafi hutu, ɗaya matarsa ta haihu, kulob ya shiga uku. Abin da ƙananan kulob-kulob irin waɗannan kan yi a ko'ina shi ne a rage yawan 'yan wasa, ko mai yawa ya ara wa maras yawa mutum biyu domin dai a yi wasan. A idon mai kallon manyan gasa wannan wasa da hankali ne. A wurina kuwa alama ce ta cewa mutanen sun gane cewa rayuwar abokin hamayya ita ce tasu.

Kada kuma a manta da lokacin da abin ya faru. A watan Yunin 1992, gasar tana shekararta ta biyu, Denmak ta doke Jamus da ci biyu da nema ta ɗauki kofin ƙwallon ƙafa na nahiyar Turai. Babu lokacin da ya fi wannan wuya a ce wa saurayin Kofenhagen ya ajiye ƙwallo mai zagaye ya ɗauki mai siffar ƙwai.

4.0 Abin da Landan ke da Shi, Kofenhagen ba ta da Shi

Kwatanci da Ingila zai fito da hujjar maƙalar fili. Kusan lokaci ɗaya aka fara a can: an kafa hukumar gasar Birtaniya a 1989, aka buɗe wasa a 1990 da kulob takwas, cikinsu har da Wandsworth Demons, waɗanda suka ɗauki kofin farko, da West London Wildcats da North London Lions da kulob ɗin unguwar Earls Court. Takwas a tashin farko, alhali Denmak na fama da uku bayan shekara guda. Dalilin a bayyane yake. A lokacin Birtaniya na ba matasan ƙasashe renon Ingila izinin zama na shekara biyu su yi aiki su yi yawon buɗe ido, saboda haka Landan cike take da samarin Ostareliya, har ana yi wa Earls Court laƙabi da kwarin dabbar kangaru. Ga filayen kurket ko'ina, ga harshe ɗaya. Mai kafa kulob a Landan yana iya cika tawagarsa da ƙwararru a dare ɗaya idan ya shiga inda suke taruwa.

Amma wannan arziki yana da ƙaya. Izinin shekara biyu ne, in ya ƙare mutum ya tattara ya koma gida, kulob ya sake sabon lale. Mafi muni kuma, ɗan Ingila da ya zo koyo yakan tarar da fili cike da waɗanda suka fi shi nesa ba kusa ba, ya wuni ƙwallo ba ta zo hannunsa ba, mako mai zuwa ba a sake ganinsa. Har sai da hukumar gasar ta sa ƙa'idar iyakance yawan 'yan Ostareliya da kulob zai zuba a fili, domin a bar wa 'yan ƙasa wuri. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Landan ta yi ta samun raɓa mai yawa kowace safiya, sai da ta yi doka kafin kaba ta sami wurin tsiro.

Kofenhagen ba ta da wannan zaɓi. Yarjejeniyar zirga-zirgar matasa masu aiki tsakanin Denmak da Ostareliya sai a 2001 ta fara aiki, shekara goma bayan buɗe gasar. 'Yan Ostareliyan da ke can kafin lokacin 'yan ƙalilan ne, kuma mai zama a ƙasar da ba ta da irin wannan izini galibi aure ko aiki mai ɗorewa ne ya zaunar da shi. Wannan ya haifar da abu biyu. Na farko, ba yadda za a yi a cika fili sai da 'yan ƙasa, don haka sabon shiga abin tattali ne, ana lallashinsa, ana ba shi ƙwallo ko da zai zubar. Na biyu, baƙon da ke koyarwa ba mai wucewa ba ne. Yana da surukai da maƙwabta da abokan aiki 'yan ƙasa, ta cikinsu kuma ake samun sababbin 'yan wasa.

5.0 Fili, Yanayi da Kaset

Maganar fili ba ta taɓa ƙarewa ga irin waɗannan kulob-kulob. Inda babu filin kurket, sai a nemi wurin da filayen ƙwallon ƙafa biyu ko uku suke jere babu shinge, a zana siffar ƙwai a kansu da 'yan alamomin roba, a kafa sandunan wucin-gadi, galibi na bututun roba, a tumɓuke su bayan an tashi. 'Yan wasan da za su yi awa biyu suna gudu su ne kan zo tun da wuri su yi wannan aiki, su ne kuma masu kwashe kaya da yamma. Babu ma'aikacin fili, babu direba, babu mai wanki.

Yanayi ya yanke wa wasan lokacinsa. A Ostareliya wasan hunturu ne, daga Maris zuwa Satumba. A Denmak hunturu ba ya wasuwa, tunda a Disamba hasken rana bai fi na awa bakwai ba, ƙasa kuma ta daskare ko ta yi caɓi. Sai wasan ya koma na lokacin ɗumi, wanda ya faɗo a kusan watanni ɗaya da na Ostareliya saboda ƙasashen biyu suna ɓangarori daban-daban na duniya. Ribar wannan ita ce a tsakiyar shekara rana kan kai ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba, ma'aikaci zai tashi daga aiki ya yi atisaye babu buƙatar fitila. Hasararsa kuma watan Yuli, lokacin da iyalai ke watsewa hutu.

Akwai wani ƙaramin abu da ya kamata a ambata. Kafin intanet ta yaɗu, ɗan Denmak da ke koyon wasan ba shi da inda zai ga ƙwararru suna yin sa sai a kaset ɗin bidiyo da aka aiko daga Ostareliya. A lokacin ƙasashen biyu suna amfani da tsarin talabijin iri ɗaya, wato PAL, don haka kaset ɗin Melbon na tashi a na'urar Kofenhagen kai tsaye, saɓanin Amurka da tsarinta ya bambanta. Wasan ƙarshe na babbar gasar Ostareliya kuwa, da ake yi da rana a ƙarshen Satumba, da sassafe yake faɗowa a agogon Denmak, wajen ƙarfe shida da rabi.

6.0 Fita daga Birni

A 1993 kulob na huɗu ya shigo, Aalborg Kangaroos, daga arewacin yankin Jutland. A taswira Denmak ƙaramar ƙasa ce, amma ruwa ya rarraba ta. Kofenhagen na kan tsibirin Sjælland, kuma gadar da ta haɗa shi da yammacin ƙasar sai a 1997 aka buɗe ta ga jirgin ƙasa, a 1998 ga motoci. Kafin nan sai an hau jirgin fito. Tafiya daga Kofenhagen zuwa Aalborg takan ci kusan awa shida. Wato ɗan wasa zai bar gida da asuba ranar Asabar, ya biya kuɗin mota da na fito daga aljihunsa, ya yi wasa, ya kama hanyar dawowa da tsamin jiki, ya iso tsakar dare. Mutanen Aalborg kuma, da yake sauran kulob-kulob duka suna gabas, su ne suka fi kowa shan wannan hanya.

A 1994 Helsingborg Saints na kudancin Suwidin suka shiga gasar. Ƙasa daban, amma sun fi Aalborg kusa: mashigin ruwan da ke tsakanin Helsingborg da Helsingør ta Denmak bai fi kilomita huɗu ba, jirgin fito na ƙetare shi cikin minti ashirin. Ta wannan ƙofa wasan ya kafu a Suwidin. Wannan ya nuna cewa a shekarun farko iyakar da ke yanke wa gasar 'yan sa-kai hukunci ita ce ta aljihu da ta awannin tafiya. Iyakar ƙasa ba ta hana komai ba.

Faɗaɗar ta ƙara wa gasar armashi, ta kuma ƙara mata nauyi. A farkon shekarun 2000 sai da aka sake fasalinta zuwa shiyyoyi domin a rage wahalar hanya.

7.0 Farum: Kulob ɗin da ya Juya ga Yara

A nan ne nake so in daɗe. Farum ƙaramin gari ne mai tazarar kusan kilomita 20 arewa maso yammacin Kofenhagen, a ƙarshen layin jirgin ƙasa na birni, gari na masu iyali. Kulob ɗinsa ya shiga gasar a 1995 da sunan Farum Lions. A ƙarshen shekarun 1990 ya fara abin da ya bambanta shi da sauran, wato koyar da yara 'yan makaranta. Daga baya ya ƙulla zumunci da kulob ɗin Geelong na babbar gasar Ostareliya, ya ɗauki laƙabinsu ya koma Farum Cats.

Ba za a fahimci darajar wannan mataki ba sai an san yadda wasanni ke tafiya a Denmak. Tun da tsarin mulkin 1849 ya ba da 'yancin kafa ƙungiya, rayuwar jama'ar ƙasar ta ginu a kan ƙungiyoyin sa-kai da suke kira forening. Kowace na da rubutattun dokoki, da shugabannin da aka zaɓa a babban taron shekara, da ma'aji, da kuɗin da mambobi ke biya. Babbar ƙungiyar wasanni ta ƙasar ma tun 1896 aka kafa ta. Sannan akwai dokar da ake kira Folkeoplysningsloven, wadda ta fara aiki a 1991, shekarar da aka buɗe gasar da muke magana a kai. Dokar ta ɗora wa hukumomin garuruwa alhakin ba irin waɗannan ƙungiyoyi wuraren wasa na gwamnati da ke akwai, da tallafin kuɗi ga ayyukan da suka shafi yara da matasa 'yan ƙasa da shekara 25, kuma wajen rabon fili su ake fara dubawa.

To, ku auna. Taron abokai da ke shurin ƙwallo a dandali ba shi da suna a ofishin hukumar gari. Ranar da ya rubuta dokoki ya zaɓi ma'aji, ya zama ƙungiyar da za a saurara. Ranar da ya tara yara kuwa, ya shiga sahun gaba na masu haƙƙi a kan fili da ɗakin canza kaya da tallafi. Ga kulob da babbar matsalarsa fili ce, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amfanin yara bai tsaya a nan ba. Yaro ba ya zuwa shi kaɗai. Yana jawo uwa da uba, su ne masu kai shi a mota, masu wanke riguna, masu dafa abinci ranar wasa, a cikinsu ake samun sakatare da ma'aji waɗanda ba su taɓa shurin wannan ƙwallo ba. Da zarar irin waɗannan sun shigo, kulob ya daina dogara da kewar gida ta wanda ya kafa shi. Ga kuma maganar ƙwarewa: wanda ya fara yana ɗan shekara goma, dungurin ƙwallo da shurinta sun shiga jikinsa kamar yadda suka shiga jikin yaron Geelong, abin da wanda ya fara yana da shekara 25 ba zai taɓa cimma ba komai naci.

Ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan wannan. Masu rubutu kan wasanni sun fi son labarin wanda ya assasa, domin yana da daɗin faɗa, kuma Sitch ya cancanci yabonsa. Amma aikin da ya fi wuya shi ne na mutumin da ke tsaye a fili da yammacin ranar aiki, iska mai sanyi na kaɗawa, yana nuna wa yara goma sha biyu yadda ake naushin ƙwallo, shekara da shekaru, ba tare da sanin ko ɗaya daga cikinsu zai ci gaba ba. Mai nazarin da ya tsallake wannan mutum bai ga inda kulob ɗin ke numfashi ba.

8.0 Gwajin 2002 da Kuɗin Jirgi

Akwai ma'auni da za a gwada hujjar maƙalar da shi. A 2001 aka yi gasar ƙasashe biyar a Landan, da Ailan da Birtaniya da Amurka da Kanada da Denmak. Tawagar Denmak, da ake wa laƙabi da Vikings, ta kai wasan ƙarshe, Ailan ta doke ta. A 2002 hukumar wasan ta Ostareliya ta shirya gasar ƙasa da ƙasa ta farko a Melbon, ƙasashe 11 suka halarta, kuma ƙa'idarta ta hana zuba 'yan Ostareliya mazauna waje. Kowa sai ya zo da 'ya'yansa. Ailan ta zo ta ɗaya, Papua New Guinea ta biyu, New Zealand ta uku, Denmak ta huɗu.

Waɗanda suka sha gaban Denmak kowa da dalilinsa. Ailan na da nata wasan gargajiya na Gaelic mai kama da wannan ƙwarai, har Ailan da Ostareliya sun sha karawa da dokokin haɗin gwiwa. Papua New Guinea ta kasance ƙarƙashin mulkin Ostareliya har zuwa 1975, wasan ya daɗe a can. New Zealand maƙwabciya ce. Denmak ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, amma ta wuce Amurka da ta zo ta biyar da Birtaniya da ta zo ta shida, ta kuma wuce tsibirin Nauru, inda wannan wasa shi ne wasan ƙasa. Birtaniya ta fi Denmak kulob da yawan masu wasa tun daga ranar farko, amma da aka ce a cire baƙi, Denmak ce a gaba.

Sai dai wannan tsari yana da farashinsa, kuma ba a daɗe ba aka biya. Gasar da 'yan ƙasa masu aikin albashi da ɗalibai ke riƙe da ita ba ta da attajiri a bayanta. Kai mutum talatin Melbon na tsawon mako biyu yana nufin kuɗin jirgi da masauki da hutun aiki, kuma mafi yawansa daga aljihun 'yan wasan yake fita. Da aka sake shirya gasar a 2005, Denmak ba ta je ba, saboda kuɗi. A shekarar ne kuma aka fara gasar ƙasashen Turai ta mutum tara-tara a Landan, wadda ake yi a filin zari-ruga ko na ƙwallon ƙafa. Masu kishin asalin wasan suna ganin an rage masa ƙima, tunda ɗan ƙaramin fili ba ya ba da damar dogon shuri da gudun da suka sa wasan ya zama abin kallo, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Ni dai ina tare da waɗanda suka karɓe shi, domin shi ya sauke wa sababbin kulob-kulob nauyi biyu da suka fi danne na Kofenhagen a 1991, wato neman mutum 36 da neman fili mai siffar ƙwai. Mai kafa kulob a ƙaramin gari a Jutland ko a kudancin Suwidin yanzu yana iya fara wasa da mutum 18 a filin makarantar unguwa, ya bar cikakken fili sai ranar da shiyya za ta kara da shiyya. A 2010 aka kafa hukumar wasan ta nahiyar Turai, aka kuma yi gasar nahiyar ta farko ta cikakken fili a Denmak da Suwidin, inda Denmak ta sake kaiwa wasan ƙarshe ta haɗu da Ailan.